Injin da Ya Ce a Ba Shi Mai

A duk abin da aka taɓa shigowa da shi gidana, ban ga wanda ya raina mini hankali kamar injin tafiyar da ƙanena ya aiko ba. Ni da na yi shekaru ina takawa daga Kiyako zuwa Birnin Kudu, takalmi a hannu don kada hanya ta cinye shi, wai gidana za a kawo wa injin koyon tafiya. Ka hau wata baƙar shimfiɗa tana gudu a ƙarƙashinka, ka yi ta zuba sauri, gumi har gadon baya, ka sauko ka tarar kana nan inda kake, kusa da buhunan gero. Da gona ce da ka gama kunya goma.

Ƙanen nawa shi aka bari a makaranta. Ni a aji biyu na sakandare Baba ya cire ni, ya ce ɗaya boko, ɗaya gona, aka miƙo mini fartanya. Yau yana Abuja, ba ya zuwa, sai dai aike: ya aiko sola, ya aiko fanka, ga kuma wannan. Lokacin da injin ya iso shekarata biyu ban kira shi ba, tun ranar da ya gyara mini Turanci a gaban surukaina, wajen wani suna a Gwaram. Kalma ɗaya na faɗa, ya maimaita ta yadda ake faɗa, yana murmushi. Shi ya manta. Ni ban manta ba.

Gaskiya dai ba don ni aka aiko injin ba, don maiɗakina ne. Ciwon suga ya kama ta, ma'aikaciyar asibiti ta ce lallai ta riƙa tafiyar rabin awa kullum, in kuwa awon gaba ya nuna bai sauka ba, to ƙwaya ta ƙare, sai allura kowace safiya. Matar nan ba ta tsoron maciji, amma in ta ga allura sai jikinta ya hau ɓari. Ta gwada tafiyar a waje sau ɗaya. Kafin ta kai bakin masallaci mata uku sun tare ta suna tambayar ina aka yi rasuwa, don a unguwarmu babbar mace ba ta zuba sauri haka kawai. Ta dawo ta ce ita ba za ta sake ba. Da injin ya zo sai ya zame mata daidai. Da hantsi, in sola ta ɗauki rana, ta ɗaure zani ta hau, carbi a hannu, tana tafiya tana lazimi.

A cikin kwalin, ban da wani littafi mai ƙananan rubutu da na jefa kan sif, akwai wata 'yar farar kwalbar roba mai dogon baki. Na buɗe, na ga mai ne, garai-garai, ba ƙamshi ba wari. Na ce ko banza masu injin sun yi hankali, sun san wanda ya yi wannan wahala gaɓoɓinsa za su yi tsami, shi ya sa suka haɗo da man shafawa. Ita ba ta kuka da gaɓa, ni kuwa gwiwata ta dama ta daɗe tana damuna. Na ajiye kwalbar a ɗakina, ina ɗan ɗiga wa gwiwar bayan sallar asuba. Kuma wallahi na ji sauƙi. Duk wanda zai yi dariya ya yi, na ji sauƙi.

Wata huɗu ana haka. Saura kwana goma sha biyu a koma awo, sai na ji maiɗakina ta ƙwala mini kira. Na tarar injin yana wani tsuwa, tit, tit, tit, ya ƙi motsi, ga haruffa uku jajaye a fuskarsa.

"Malam, ka kira ƙaninka mana," in ji ta.

"In kira shi in ce me? Ga shi a rubuce. O, I, L. Wannan tun firamare na san shi. Mai yake so."

"Wane irin mai?"

"Ke, mai ai mai ne. Da yana da zaɓi da ya faɗa."

Man gyaɗa kuwa ga shi nan cike da galan a kicin, tunda an ce ta rage soye-soye. Na ɗebo ludayi guda na kwarara a kan shimfiɗar, na bi da tafin hannu na shafe ko'ina kamar mai yi wa jariri wanka. Na kashe, na kunna. Ya motsa, amma haruffan suna nan, tsuwar tana nan. Na ce bai ƙoshi ba. Na ƙara ludayi biyu. Ta ce ita dai ba za ta hau wannan abu yana ƙyalli haka ba, na ce ta matsa in nuna mata.

Taku uku na yi. Na huɗun ban san inda ya sauka ba. Na dai ji ƙafafuna sun yi gaba sun bar ni, injin ya tofar da ni ta baya, na daki buhunan gero na zube, hulata ta yi nata wuri. Ta rugo tana salati, ta ga ban karye ba, sai ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Sannu, Malam. Yau dai injin ya kai ka wani wuri."

Na tsinci hulata. Na shiga ɗaki na shafa wa gwiwa da ƙugu maganina.

Washegari na kai maganar wajen wani abokina mai gyaran babur, ban ce masa na faɗi ba. Ya ce ai kowane inji ta ciki yake cin mai, ba ta sama ba, kuma kayan waje ba sa son mai mai gauraye, sai tsantsa. Ya ce in zuba masa baƙin mai, na ce a ɗakin matata? Ranar kasuwar Sara na hau mota takanas na je na sayo man shanu mai kyau, wanda ni kaina rabona da in ga irinsa a tuwona an kwana biyu. Na narka, na ɗaga gefen shimfiɗar na ɗura masa. Na kunna shi ya yi ta juyi shi kaɗai. Da ya ɗau zafi sai gidan ya gume da ƙamshi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana cewa, "Hajiya, abin ba tayi? Ko sana'a aka fara?" Kafin la'asar tururuwa sun yi layi tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin injin. Haruffa uku kuwa ko gezau. Kuma duk minti biyu sai ya yi tsuwa ya tsaya.

Mako guda aka yi ba ta hau ba. Wata rana na dawo daga gona da azahar na tarar da ita a tsakar gida tana zagaya turmi, cikin rana, ta zagaya ta zagaya har jiri ya ɗebe ta ta dafa bango. Tsakar gidan namu taku shida ne ka ƙure shi. Ta zauna a kan turmin tana haki, ba ta ko dube ni ba.

"Malam, saura kwana biyar. Kai da ƙaninka ku kuka san abin da ke tsakaninku. Amma ni za a riƙa tsira wa allurar nan, ba kai ba."

Ba faɗa ta yi ba, da faɗa ne da na san amsar da zan ba ta. Na ciro waya.

"Yaya! Yaya, kai ne? Lafiya dai ko?"

"Lafiya. Injinka ne ya ce a ba shi mai, an ba shi, ya ƙi yin shiru."

"To, wane mai aka sa?"

"Na gyaɗa."

Na gyara riƙon wayar na ƙara da cewa:

"Da na shanu kaɗan."

Na ji ya rufe bakin wayar da hannu. Da ya dawo muryarsa tana rawa. "Yaya, ba ka ga wata 'yar farar kwalba a cikin kwalin ba? Mai dogon baki? Ai shi ne mansa. Ba ya cin wani."

Na sunkuya na dubi gwiwata.

"Na gani. Tana nan. Saura rabi."

"Alhamdu lillahi, ya isa. To rabin ina ya tafi?"

Kafin in haɗa abin da zan ce, ta miƙo wuya daga kan turmi ta ɗaga murya: "Yana gwiwar yayanka, Alhaji! Wata huɗu ke nan!"

Ban taɓa jin babban ma'aikaci yana dariya irin wannan ba. Har tari ya sarƙe shi. Ita ma tana yi, maƙwabciya ma da ba ta san kan zance ba na jiyo tana taya su ta bayan katanga. Na tsaya da waya a kunne ina jira su gama, don ba ni da wurin zuwa.

Da ya nutsu ya bi da ni daki-daki. Na zare wuta. Na wanke shimfiɗar sama da ƙasa da tsumma da ruwan ɗumi da garin sabulu, har sau huɗu, tururuwa suna gudun hijira. Muka bar ta ta bushe har washegari. Sannan na sake kiransa, na ɗaga gefen shimfiɗar, na zura dogon bakin kwalbar can tsakiya na matsa siririn layi, na zagaya ɗaya gefen na yi haka. Abin da bai fi cokali ba. Na kunna shi a hankali ya yi ta juyi don man ya bi ko'ina. Ƙarar da yake yi ta kwanta. Haruffa uku suna nan.

"Ka gani ko? Har yanzu yana roƙo."

"Ai bai san ka ba shi ba, Yaya. Ba ya jin ɗanɗano. Tafiya kawai yake ƙirgawa, in ta kai adadi sai ya rubuta. Sai ka gaya masa an yi. Danna jan maɓallin tsayawa da na rage gudu tare, ka riƙe, ka ƙirga goma."

Na danna. Ina kai bakwai ya yi tsuwa ɗaya doguwa, haruffan suka ɓace, sifiri ya fito. Wato da tun ranar farko na danna masa waɗannan biyun, ko ɗigo ban zuba ba, da ya yi shiru. Na ce wa ƙanen nawa lallai injin nan ɗan ofis ne irinku, ba ruwansa da an yi aiki, a dai sa masa hannu cewa an yi. Ya yi dariya, sannan ya ce, "Amma fa Yaya ka karanta daidai. Mai ɗin ne." Na ce na sani, ba sai an gaya mini ba.

Kwana huɗun da suka rage safe da yamma ta riƙa hawa. Ranar awo ni na kai ta a babur, na zauna a benci a waje. Ta fito tana gyara mayafi, ta ce sugan bai sauka yadda ake so ba, amma an ƙara mata wata uku a kan ƙwaya, ba allura. A hanya ta ce in tsaya ta sayi goro, ta ba ni rabi.

Kwalbar kuwa ta kulle ta a akwatinta, makullin a bakin zani. Tun daga ranar gwiwata ta dawo da ciwonta, har ya fi na da. Na gwada man zafi iri uku na kemis, duk wari ne kawai. Da haruffan suka sake fitowa bayan wata huɗu na san maɓallan sarai, amma na kira shi, na ce na manta ko na rage gudu ne ko na ƙarawa. Muka yi kusan awa muna maganar gonar Baba ta Kiyako. Da za mu yi sallama ya ce man ya kusa ƙarewa ko, zai aiko da wata kwalbar. Na ce ya aiko biyu, kuma kada ya tambaye ni.