Katantanwar Bayan Rumbu

A ƙasan adudun da nake ajiye tsofaffin zannuwana akwai wata 'yar katantanwa fara, bakinta ya ɗan gutsure. Shekaranjiya ina laluben turare hannuna ya taɓo ta. Na kai ta hanci kamar yadda na saba, ko da yake na san babu sauran wari a jikinta. Ni dai har yau ina jin sa, warin laka mai sanyi wadda ruwa ya daɗe yana kwana a kanta. In kana da niyyar sayen gidanka na fari, zauna ka ji yadda aka yi ta zo hannuna.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina 'yar shekara tara. Muna zaune a Maikujera cikin gandun kakanmu marigayi, kuma Baffa, yayan mahaifina, shi ke riƙe da gida. Baba ya koyi ɗinki a Sakkwato, ya dawo da keken ɗinki bisa jaki, a naɗe cikin bargo kamar jinjiri. A ƙauye kuwa ɗinki sai Salla ta ƙarato. Saboda haka ya ce zai koma Wurno kusa da kasuwa, ya sayi gida na kansa. Ranar da ya faɗi haka a zaure, Baffa ya yi dariya har ya ƙware.

"Tahi abinka," in ji shi. "Damina guda ni ba ka, kana dawowa da kekenka bisa kai. Ɗakinka ma ba ni ba kowa shi."

Baba ya tashi ya fita. Ya sayar da bijimin da ya shekara uku yana kiwo, ya haɗa da albasarsa ta bana, ya shiga neman gida. Tun daga ranar kowa a gidanmu ya san abu ɗaya: in gidan da za a saya bai tsaya ba, Baba zai dawo ya durƙusa gaban yayansa.

A wancan zamani namiji ba ya ganin gidan da zai saya. Iyakarsa zaure. Matan mai gida suna ciki, baƙo ba ya leƙawa, ko da kuɗin gidan na aljihunsa. Sai dai ya zaga katanga ta waje, ya ƙwanƙwasa ƙyaure, ya aika mace ta shiga ta gano masa. Tamu mai ganowar ita ce Kaka, mahaifiyar Baba, ni kuma nake riƙe mata buta.

Kaka ba ta faɗin ranar da za ta zo. Sai dai a ji sallamarta. Ta gaisa, ta tambayi yara, ta yaba tsabtar uwargida, sannan ta karɓi butar a hannuna kamar mai shirin alwala, ta tsaya a tsakiyar tsakar gida ta tuttular da ruwan duka a ƙasa. Idonta na kan inda ya nufa. In ya bi ta magudana ya fita waje, sai ta gyaɗa kai. In ya juya ya nufi ƙofar ɗaki, hira ta ƙare. Daga nan ta kankari gindin bango da farce ta shinshina. Ta ɗaga sandarta ta zunguri azara ta ji ko gara ta cinye cikinta. Ta nemi a nuna mata bayan gida, ba don ta matsu ba, don ta ga tazararsa da rijiya. Ta duba indararon maƙwabta, ta ga cikin gidan wa yake zuba. In ta fito ba ta zuwa wurin Baba kai tsaye, sai ta nemi tsohuwar da ta fi daɗewa a unguwar ta zauna suna ɓare gyaɗa.

"Mai gida shina nuna miki abin da yaka so ki gani," ta ce mini wata rana. "Dillali kuwa bakinai na goro na. Ruwa kaɗai ab ba shi karɓar goro."

Da haka ta ƙi gida biyu a Wurno da ɗaya a Achida. A na Achida ne ta tono wani abu da ƙafa a bayan madafa, ta nuna mini katantanwa guda uku, ta ce duk inda na ga waɗannan a cikin gida, ruwa ya taɓa kwana a wurin, kuma zai dawo, domin ba ya mance inda aka saukar da shi. Baba ya fara gajiya. Zafin bazara ya kai intaha, gabas ta fara haɗa gira, ga maganar Baffa tana cin sa.

Ana cikin haka aka aiko daga Shinaka cewa Gwaggo ta sauka. Kaka ta ɗaure kayanta ta tafi wankan jego, kwana arba'in. Ba ta yi mako da tafiya ba dillali ya zo. Wai akwai gida a gefen Wurno ta wajen fadama, mai shi zai koma Goronyo, kuma wani malamin awon auduga ya riga ya sa ido, in an kai Juma'a shi ke nan. Inna tana da tsohon ciki, ba ta iya hawan jaki. Baba ya juyo gare ni.

"Kin ga yadda Kakarki ka yi, ko? To ɗauko buta."

Muka yi sammako, muka isa rana ta take. Baba ya zauna a zaure da mai gida da dillali, ni na shiga.

Na karanta littattafan soyayya na kasuwa da yawa bayan na girma, har jikokina na yi mini tsiya, amma ban taɓa samun gidan da aka siffanta a cikinsu da ya kai wannan a idona ba. Itacen lalle ya yi shar a jikin katanga, ya yi fure, ƙamshinsa ya cika ko'ina. Tattabaru farare suna kuka a cikin tukwanen da aka kafa musu. Akwai wani ɗakin soro a can ƙarshe, an shafe bangonsa da makuba yana sheƙi, an kafa tasoshi masu zane a rufinsa, in rana ta shigo sai haske ya riƙa rawa a sama kamar ana ƙifta maka ido. Na tsaya a tsakiyarsa na ga kaina amarya, na ga kaina da lalle har gwiwar hannu, na ga wani wanda ban san fuskarsa ba yana sallama a ƙofa. Uwargidan ta ba ni nakiya, ta ce wannan ɗakin ai ya dace da ni.

Duk da haka na yi aikin da aka aiko ni. Na tuttular da ruwan buta. Ya tsaya jim kaɗan, sannan ya miƙe, bai ko kalli magudana ba, ya nufi ƙofar ɗakin tasoshi. Na kankari gindin bango, sabon yaɓe ya ɓare, na ga wani baƙin layi a ƙarƙashinsa daidai gwiwata. Na zaga bayan rumbu, na iske katantanwa birjik, kamar an shanya su. Na ɗauki ɗaya na ƙulle a bakin zane. Ban nemi tsohuwar unguwa ba.

Da na fito Baba ya ja ni gefe. "Mi kig gani?"

Na ce, "Gida mai kyau na, Baba."

"Ruwan fa?"

"Ya fita."

Kalma biyu ke nan. Kafin la'asar an kira mai unguwa da shaidu, an raba goro, an shafa fatiha.

Muka tare, Inna ta haihu a ɗakin tasoshi, Baba ya kafa kekensa a zaure. Kaka ta dawo bayan an yi shuka. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce in kawo buta. Na kawo. Ta zuba, muka tsaya ni da ita muna kallon ruwan yana bin tsohuwar hanyarsa. Ba ta zaga bayan rumbu ba. Ta dube ni kawai, ta miƙo hannu, ni kuwa na kwance bakin zane na ɗora mata katantanwar a tafi. Ta jujjuya ta, ta mayar mini.

"Ashe kin gani, uwar mafarki."

Na fashe da kuka, na ce ɗakin ne nake so.

"Ni ma da ƙuruciyata na so wani mai dogon wuya," ta ce. "Ba a aura mini shi ba, ga ni kuwa da raina. Share hancinki, aiki na gabanmu."

Ciniki ya riga ya faɗa, ba a tayar da fatiha. Kaka ta gaya wa Baba cewa gidan yana kan hanyar ruwa, ba ta ce masa na sani ba. Ya ɗauka yarinya ce ba ta gane ba. Daga ranar jakinmu bai huta ba. Aka yi ta jido jar ƙasa daga tudu ana cike ɗakin da ke kusa da zaure, aka ɗaga dokin ƙofarsa har sai an ɗaga ƙafa sosai ake shiga. Aka fasa katanga ta baya aka haƙa lambatu zuwa fadama. Aka ɗora keken ɗinki kan duwatsu huɗu kamar rumbu. Ƙasar da aka samu ba ta isa ɗaki biyu ba, Kaka kuwa ta ce ɗakin tasoshi ba mai cetuwa ba ne, ta sa Inna ta kwashe kayanta. Ni aka ba tono lambatun da 'yar fartanya, hannuna ya yi kanta.

Ruwan ya zo cikin marka. Kwana uku ana yi, ranar ta huɗu da hantsi gulbi ya cika ya tumbatsa cikin fadama, fadama ta turo mana. Ba da gudu ya shigo ba. A hankali ya zo, kamar mai gida ya dawo daga tafiya. Muna tsaye a ɗakin da aka ɗaga, jinjiri a bayan Kaka, muna kallon ludayi da tabarma suna yawo a tsakar gida. Lambatu yana ja iyakar ƙarfinsa. Wajen azahar bangon ɗakin tasoshi ya jiƙe har sama da baƙin layin nan, ya yi wata ajiyar zuciya, ya zauna. Tasa ɗaya ta taso saman ruwa tana juyi, ta bi lambatu ta fita.

Ruwa ya tsaya saura yatsa biyu ya haye dokin ƙofarmu. Zaure ya tsaya. Keke ko tsatsa bai yi ba.

Da ruwan ya janye na iske Baba tsugune gaban tarin laka yana tsamo azara. Babu wanda ya sa ni. Na durƙusa na gaya masa duka, har nakiyar. Ya ɗago ya dube ni.

"Ke kin so ɗaki, kin yi ƙarya," ya ce. "Ni kuwa tsoron dariyar Baffanki yas sa nis sayi gida da idon 'yar shekara tara. Wa za ya bugi wani? Kama azarag ga mu kai tudu."

Bayan kwana biyu Baffa ya iso da jakai biyu, ya ji labarin ruwa, ya zo kwasar mu. Ya tarar da Baba a zaure yana taka keke, yana ɗinka rigar wani bafatake. Ya dubi lambatu, ya dubi dokin ƙofa, ya sha fura. Da zai koma ya bar jakan, ya ce a yi jidon ƙasa da su har kaka. Shekara talatin da wani abu Baba ya yi a gidan nan, kuma ba a sake gina ɗaki a inda na tasoshi ya zauna ba. Inna ta mai da wurin fagen rama.

Yanzu ba mai tsayar da mai saye a zaure. Kowa na shiga har kicin, har banɗaki, amma ban ga ana gani fiye da da ba. Makon jiya jikana ya zo da hotunan wani gida a wayarsa, sabon fenti, fitilu a rufi kamar taurari, matarsa sai murmushi take yi irin wanda na sani. Ya ce dillali ya ce akwai wani mai so, in an kai Juma'a shi ke nan. Na tambaye shi ko ya ga gidan da damina, ya ce a'a. Na ce ko ya zauna da wani tsoho a layin, ya ce bai samu lokaci ba. Na ce ina hoton bayan katangar gidan, ya yi ta shafa waya bai samu ba.

Na ce ya tayar da mota. Ya yi dariya da ya ga na ɗauko buta, ya ce ai akwai famfo a can. Muka je, na tsaya a tsakiyar tsakar gidan, siminti sumul, na tuttular da ruwan duka. Matarsa ta matso kusa da ni. Muka bi shi da ido har inda ya tsaya.

Jikana ya ce, "Kaka, me kika gani?"

Wannan karon na faɗi gaskiya.