Ɗigon da ya kai ni ƙofar surukina

Shekarar da na buɗe butik ɗin salula a bakin kasuwar Dakoro, sau biyu ana ɗauke min wayar da nake ajiyewa kan tebur don masu saye su taɓa. Na gaji, na je Maradi aka saka min abin bin sawu a sabuwar wayar tebur: duk inda wayar ta shiga, wani ɗigo zai nuna wurin a tawa wayar. Na dawo ina cika baki, har addu'a nake ɓarawo ya zo.

Wata ranar kasuwa na hango surukina, uban matata, ya nufo butik da sandarsa. Mu a nan ba a tsayawa ido da ido da suruki. Kunya ta kama ni, na sulale ta baya na laɓe wajen mai shayi. Da na dawo ya tafi, tebur kuma wayam.

Wallahi daɗi na ji. Na kwarma ihu, na tara ƴan kabu-kabu, na roƙi wani jandarma ya hau bayana a babur. Muka bi ɗigon nan ta hanyar Birnin Lalle, ina gaba ina faɗin irin dukan da ɓarawon zai sha. Idona na kan waya, ban ɗaga kai ba sai da babur ya tsaya a ƙofar gidan da na kai goron aurena.

Tsohon ya fito, ya dubi taron. Na durƙusa a ƙasa, hular kwano a kaina, ina jin aurena yana lilo.

Ya zaro wayar daga aljihu ya miƙa wa jandarma. Ni ko kallona bai yi ba.

“Na iske shago buɗe ba kowa, ranar kasuwa,” in ji shi. “Na ɗauke ta don kar ɓarayi su ɗauka. Ashe ni na ɓarawon.”

Ƴan kabu-kabu suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, marasa amana.

Da magariba na koma gida na tarar matata ta kwashe kayanta. Washegari ƙanen tsohon ya zo butik da saƙo, ya faɗa a tsaye.

“Ya ce a gaya maka ɗiyatai tana wajenai. In ita ma ka sa mata abin nan, ka taho da jandarman.”