Na Naɗe Ƙosai Da Aikin Ɗana

Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato na fara tuyar ƙosai kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Abin da zan faɗa kuwa ya auku ne daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Ban taɓa zama aji ba, matar ɗana ke rubuta mani wannan, amma a lokacin ba wanda ke gaya mani yadda zan yi da kayan ɗakina.

Ɗana na fari malamin jami'a ne. Dakta ake ce mashi, ko da yake ko ciwon kai bai taɓa ba ni magani ba. Aikinshi leƙen ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su, ya rubuta abin da ya gani a buga ƙasashen waje. Da rufin gidanshi ya fara zuba, sai ya kawo mani kwali guda cike da takardu ya ce in adana.

Mu dai abin da muka gada shi ne, takarda in da rubutun Larabci a ɗaga ta sama, in boko ce a yi ƙunshi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban ga ko alifi ba. Farare, masu kauri, ba su tsotsar mai da wuri. Wata uku ina naɗa wa direbobin Shinkafi da Zurmi ƙosai a ciki, har suna yaba mani tsafta.

Ran da ya zo ɗauka, ya ce za a auna aikinshi na shekara bakwai don ƙarin girma, kuma sai an ga takardun da ido. Na nuna mashi ƙasan kwali. Bai ɗaga mani murya ba, zama kawai ya yi bisa turmi, wannan ya fi mani zafi. Ranar kasuwar Shinkafi na shiga mota tare da maƙwabciyata, ni da ban roƙon kowa, ina bin direbobi. Ɗaya ya ce in da ya san ilimi yake ci da ya ƙara yaji. Warƙa huɗu na samo, duk mai.

Da na miƙa wa ɗana su sai ya yi dariya har da hawaye. Ya ce Inna ki huta. Wai a wajensu ana gane nauyin malami da yawan masanan da suka ambaci aikinshi cikin nasu, kamar yadda mata ke cewa wajen wance na koyi tuya. Duk wanda ya ambace shi yana riƙe da kwafi. Ya aika masu wasiƙu, kafin a gama sussukar gero ambulan ɗauke da kwafin takardun sun fara isowa, wasu daga garuruwan da bakina bai iya faɗa. Aka ba shi girmanshi.

'Yan'uwana tsofaffi, abin da ba ku iya karantawa ku tambaya kafin ku yanke mashi daraja. Ni na tsira ne don aikin yaron ya riga ya shiga hannun mutane.

Direban mai maganar yaji ya rasu, Allah ya jiƙanshi, maƙwabciyata da ta raka ni Shinkafi ita ma. Saura ni, da ɗana da ya yi furfura, da matarshi da ke dariya yanzu tana rubutawa.