Zuwa Gwiwar Hannu

Ƙarfe biyu saura minti goma ne na rana, wata Talata a zangon karatuna na farko a Kafin Hausa. Na san lokacin ne saboda na cire agogona na ɗora a kan bulon da ke gefen famfo, kamar yadda nake yi kullum kafin alwala, kuma idona yana kansa sa'ad da maganar ta fito.

Gidan haya ne na ɗalibai mata, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Da azahar kowa takan dawo daga lakca a gajiye, sai a yi layi da butoci. Na tsuguna, na naɗe hannun rigata har sama da gwiwar hannu, na fara wankewa. Abokiyar ɗakina tana tsaye a bayana tana jiran in gama. 'Yar Dutse ce, daga Yalwawa, mai fara'a da surutu, ba ta iya riƙe magana a baki.

"Ustaziya," ta ce, don haka take kirana tun ranar da ta ga littattafan da na jera a taga, "ashe ke gargasa ce? Ku zo ku ga hannu. Wallahi ya fi na yayana gashi."

Mutum biyu suka leƙo. Ɗaya ta yi dariya, ɗayar ta ce ai sai a kira mai kitso. Daga nan hira ta koma kan wani malami da ya ɗage jarrabawar gwaji, ba wadda ta sake waiwayata. Na ƙarasa alwala, na ɗauki agogona, na shiga ɗaki. Har na sallame ban san surar da na karanta ba.

Ba da mugunta ta faɗa ba, wannan na sani tun a lokacin. Da yamma ita ce ta dafa mana taliya ta zuba mini fiye da nata. Ta manta da maganar kafin la'asar. Ni ce na riƙe.

Kafin ranar ban taɓa duban hannuna a matsayin abin kallo ba. A gidanmu a Miga, inda mahaifina ke koyar da Alƙur'ani a zaure, hannu abin wankewa ne da aiki. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta koya mini alwala ina ƙarama. Takan riƙe wuyan hannuna ta juya shi, ta sa in cuɗa har bayan gwiwar hannu, don kada in bar lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba. Na tashi ina son alwala saboda tsarinta: komai da wurinsa, wannan na bin wancan, in an gama an san an gama. A titi kuwa ba mai ganin hannun mace, hijabi ya rufe har gwiwa. Mata 'yan'uwanki ne kawai za su gani, su ma a bakin famfo ko wurin ƙunshi.

A ɗaki na ja hannun riga na duba. Gashi ne baƙi, kwance luf, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Akwai irinsa a ƙwauri. Yana nan tun ina sakandare, amma ranar na fara ganinsa. Daga nan kuma na shiga satar kallon hannuwan mutane: na masu wanki, na masu miƙo canji a shago, na amaren da abokiyar ɗakina ke nuna mini a wayarta bayan an yi musu gyaran jiki, suna sheƙi kamar an goge tangaran.

Sai na daina alwala a bakin famfo in akwai mutane. Da farko nakan jira kowa ta gama. Gidan mata kuwa famfo ba ya zama shi kaɗai; in mai alwala ta tashi, mai wankin kwano ta zauna. Na koma shiga banɗaki da buta, wurin da ba na son yin alwala, a tsaye, a gaggauce, wata na buga ƙofa. Sau da yawa nakan fito ina shakkar ko na cuɗa hannun hagu, in koma in sake. A makaranta abin ya fi wuya, domin famfunan sashen mata na masallaci a jere suke, kafaɗa da kafaɗa. Dabarar da na samo ita ce in yi alwala da safe kafin gida ya tashi, in riƙe ta har azahar, wani lokaci har la'asar. Don ta riƙu sai na daina shan ruwa da rana. Bazara ce. Nakan zauna a aji leɓena a bushe, kaina yana sarawa, ina rubuta abin da malami ke faɗa da kyakkyawan rubutu, ina lissafin ko alwalata za ta kai.

Na nemi amsa inda na saba nema. Da na je gida hutun ƙarshen mako na ɗauki littattafan fiƙihun mahaifina na bi babin tsarki layi-layi. Sun yi maganar farce, da hamata, da gira. A kan gashin hannun mace ban ga komai ba. Tambayar mahaifina kuwa, ko a mafarki bakina ba zai buɗu ba. Na gwada Inna tana tankaɗe, na fara da cewa wai wata ƙawata ce ke tambaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ƙawar taki ba ta da karatu ne?" Na bar zancen.

A gidan hayarmu amsoshi biyu na samu, ban ma tambaya ba. Abokiyar ɗakina ta ce, "Cirewa za ki yi mana, kowa cirewa take yi, ke dai kin cika tunani." Wata ta ɗakin ƙarshe, mai sa niƙabi, ta ji mu ta ce ita dai tana ganin canja halitta ne, gara in bari. Kowacce ta faɗi tata ta wuce. Ni na zauna da duka biyun.

Ana nan sai bikin yayar abokiyar ɗakina ya taso, ta sa ni cikin ƙawayen da za su yi anko. Ɗinkin da aka zaɓa gajeren hannu ne, da mayafi a sama, kuma za a yi wa kowa zanen lalle har gwiwar hannu. Na ce ina da karatu. Ta ce, "Ustaziya, in ba ki zo ba wallahi littattafan nan naki zan zuba a ruwa." Muka hau bas zuwa Dutse ranar Laraba, duwatsun garin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ita tana ta waya, ni ina riƙe da hannuna a cikin hijabi.

Kafin mu isa gidansu ta tsayar da mu a wani gida a Yalwawa. Mai gyaran jiki ce, babbar mace mai ƙamshin turaren wuta, ɗakinta cike da robobi da kwalabe. Ta ɗauko halawa, sukari ne da lemun tsami da aka dafa har ya yi danƙo, tana ja tana naɗewa a yatsunta kamar mai alewa. Ta kama hannuna ta duba sama da ƙasa.

"Tabarakallah. Wannan gona ai sai an yi mata noma biyu. 'Yata, kin taɓa yi?"

Na girgiza kai.

"To ki ciji mayafinki. Na farko ne mai zafi."

Ba na farko ne kaɗai mai zafi ba. Takan shimfiɗa, ta danna, ta fizge, tana ba abokiyar ɗakina labarin wata amarya da ta gudu da ƙafa ɗaya a gyare. Ban yi kuka ba, amma hawaye sun zubo da kansu. Da ta gama ta shafa mini wani mai, ta ɗaga hannun ta nuna, ta ce, "Yanzu kika zama mace."

Gaskiya hannun ya yi kyau. Washegari lalle ya kama raɗau, zanen ya fito tas, matan gidan biki suna kama hannuna suna yabawa, ni da ba a saba lura da ni a taro ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A tsakar gidan bikin na naɗe hannun riga na yi alwala a gaban kowa. Ruwan ya zame da sauri kamar a kan leda, na ji tamkar hannun wata nake wankewa, amma dai na yi ta a tsugune, a natse, na kuma sha ruwa har na ƙoshi.

Bai daɗe ba. Bayan mun koma makaranta ƙananan ƙuraje suka feso, ja-ja, masu ƙaiƙayi, ruwa ma in ya taɓa sai na ji raɗaɗi. Kafin su warke gashin ya fara tsirowa, tsaye, yana kama hannun riga. Abokiyar ɗakina ta duba ta ce, "Haka yake yi, ai duk wata ake komawa." Ta ɗakin ƙarshe, mai niƙabin nan, ta dubi hannun ta dube ni. Na koma banɗaki da butata, yanzu da abin ɓoyewa biyu, gashi da tabo, ga kuma sabon tunani: in na koma wurin mai halawa wataƙila na yi laifi, in ban koma ba famfo ya gagare ni.

Da aka yi dogon hutu damina ta riga ta zauna. Gero ya kai ƙugu a gonakin Miga, awaki duk a turke. A gida ba wanda zai yi mini dariya, amma hannuna ya riga ya saba. In lokacin salla ya yi sai in ɗauki buta in zagaya bayan rumbu.

Gwaggo tana zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta. Bayan la'asar matan aure na unguwa sukan zo ta biya musu karatu a ƙarƙashin darbejiya. Uwata take kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ba ta da yawan magana, amma ba abin da ke wucewa a tsakar gidan nan ba ta gani ba. Wata azahar na ɗauki buta na nufi rumbu, sai na ji muryarta daga kan tabarma.

"Uwata, zabuwa ce ta yi miki ƙwai a can?"

Na tsaya.

"Kullum ke ce bayan rumbu. Kuma butata ce wannan. Kawo ta nan, zauna."

Na zauna a gefen tabarmar. Ta kama wuyan hannuna yadda take kamawa ina ƙarama, ta tura hannun rigar sama da kanta. Ta daɗe tana duban tabon, ta shafa da babban yatsa.

"Wuta ce?"

"Halawa ce, Gwaggo."

"Ta sha?"

"Ta cire gashi."

Ta ce, "Oho." Sai na ga bakina ya buɗe. Na gaya mata maganar bakin famfo, da banɗaki, da yadda nake ƙin shan ruwa, da littattafan da na bincika, da abin da kowacce ta ce. Idona yana kan buta har na gama. Ba ta katse ni ba, sai wurin ruwan sha ne ta ce, "A bazara?" Na ce e.

Can ta ce, "Mai sunanki haka hannunta yake. Ranar suna ko biki mata har shafawa suke yi, suna cewa Allah ya ba su 'ya mai irinsa. Ni da na fito sumul haushi nake ji." Ta ɗan murmusa. "Yanzu kuma an juya."

Wannan bai ishe ni ba. Mai sunana ba ta zauna a gidan haya a Kafin Hausa ba. Na ce, "Gwaggo, ni so nake in sani. In cire ne ko in bari? Wanne ne daidai?"

Ta ɗauki butar ta karkata a kan hannuna. Ruwan ya gangara, ya kwantar da gashin gefe ɗaya.

"Cuɗa."

Na cuɗa, daga yatsu har bayan gwiwar hannu.

"Ya taɓa fata?"

"Ya taɓa."

"Ko'ina?"

Na juya hannun na duba, kamar yadda ta koya mini. "Ko'ina."

"To alwala ba ta tambaye ki komai bayan wannan ba," ta ce. "In kin ga dama ki cire, in kin ga dama ki bari, ba laifi a kowanne, hannunki ne. Amma ki sha ruwa. Miƙo ɗayan."