Litattafan Biranka, Baban Nabiha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 11 ga Maris, 2003, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran mijina, Malam Abdulbaƙi Mahmudu, na Nassarawa GRA, bayan jinyar mako uku. Ni matarsa, Raliya, nake rubuta wannan daga ɗakin takaba.

Baban Nabiha, shekara ashirin da shida ka yi kana bin birai a daji. Mutane na yi maka dariya, suna cewa mai ilimi kamarka ya rasa abin karanta sai biri. Ba ka taɓa yin fushi ba. Sai ka ce halittar Allah ce, kuma duk wanda ya dube ta da kyau imaninsa ƙaruwa yake.

Ni a aji shida na tsaya, amma ba ka raina ni ba. Shekarar da muka yi aure ka tafi da ni dajin Falgore, ka ba ni littafi da biro. Kai kana auna birin da ya shiga tarko, kana faɗa, ni ina rubutawa, sannan ka buɗe masa ya koma cikin 'yan uwansa. A can ka nuna mini cewa namijin bika, babban birin nan mai doguwar fuska, ya kusa ninka macensa nauyi, ga fiƙoƙi kamar wuƙa. Haka ma jan biri, mai gudu a fili. Ka ce inda maza ke kokawa a kan garken mata, a nan namiji ke yin ƙato. Amma akwai wasu birai a ƙasashen gabas masu zama bibbiyu a kan itace, su girmansu ɗaya.

Na ce, "To mu fa, Malam, da na fi ka jiki?"

Ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ka ce, "Mu ai ba a gano irinmu ba tukuna, Raliya. Rubuta shi a shafin ƙarshe."

Na rubuta kuwa.

Daga baya litattafan suka kai arba'in da ɗaya, suka cika ɗakinka na bayan gida, tare da ƙoƙunan kan birai da kake tsintowa ko ka karɓa a hannun mafarauta. Ko ɗaya ba ka kashe ba. Ka jera su, mace kusa da namiji, domin ɗalibai su ga bambancin da idonsu.

Yanzu zan faɗa maka abin da ya faru, domin ban saba ɓoye maka komai ba.

A asibiti, a gabana, ka kama hannun ƙaninka Ya'u, wanda ka riƙa tun yana shekara tara. Ka ce masa idan ta Allah ta kasance, ya miƙa litattafan da ƙoƙunan ga abokin aikinka Fabian, mutumin Zariya, ya kai su makarantar da kuke koyarwa. Ya'u ya ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka. Amana ce a wuyana."

Ranar sadakar uku ina zaune cikin mata masu gaisuwa, sai na ji ƙaurin takarda. Na yunƙura zan tashi, Gwaggo Uwani ta danne mini gwiwa. Ta ce, "Zauna, 'yar nan. Mai takaba ba ta ratsa maza." Na zauna. Da a ce na san abin da ke ci, wallahi da na ratsa su.

Ya'u ne ya kwashe komai ya cinna wa wuta a bayan gareji. Takarar kansila yake yi, zaɓe saura 'yan makonni. Wai abokan hamayya za su zo gaisuwa su ga ƙasusuwa, su yaɗa cewa a gidan yayansa ana tsafi, a wannan lokaci na Shari'a. Da na aika a kira shi, daga bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Anti, mutuncinsa na kare."

Mutuncinka, Malam? Kai da liman ke ba wa makullin masallaci? Shari'ar da na sani ai ita ce ta ce a cika wasiyyar mamaci. Fabian ya zo da yamma da kwalaye a bayan motarsa. Aka nuna masa toka. Nabiha ta ce ya daɗe a tsugune a gaban tokar.

An ce in yafe. Ina roƙon Allah Ya ba ni iko, amma ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe ba.

Littafi ɗaya ya tsira, na Falgore, mai rubutuna, domin a cikin akwatin zannuwana yake. Ranar da na fita takaba ni da kaina zan kai wa Fabian, ba zan aiki kowa ba. Shafin ƙarshe kawai zan yage in riƙe.

Allah Ya jiƙanka, Baban Nabiha, Ya haskaka makwancinka, Ya sa nauyin alherinka ya rinjaya a mizani. Ina yi wa Nabiha, da dangi na Gama da Giginyu, da ɗalibanka ta'aziyya. Har da Ya'u, domin shi ma uba ya rasa. Allah Ya sa ya gane. Amin.