Kati Uku Ga Mutum Huɗu

Litinin: daga Ƙurban zuwa Kaisari

Mun bar gida a unguwar Ƙurban ta Madina da ƙarfe huɗu na asuba, ni da maiɗakina Hadiza da 'ya'yanmu biyu, Sumayya mai shekara sha shida da Anas mai sha ɗaya. Dukansu haihuwar Madina ne. Sun daɗe suna damuna da hotunan dusar ƙanƙara da suke gani a waya, har na yi alkawari idan hutun tsakiyar shekara ya zo zan kai su Turkiyya su koyi zamiya. Maƙwabcinmu Isuhu, mutumin Damagaram mai sana'ar tuƙi, shi ya ɗauke mu zuwa filin jirgi.

"Malam, kai da kake sa rigar sanyi biyu a Madina," in ji shi, "yau kuma da kuɗinka za ka je ka shiga firiji?"

Na ce masa alkawari ne ya ja ni. Ya ce to Allah ya dawo da mu da ƙafafunmu cikakku.

A filin jirgi muka yi sallar Asuba. Da aka zo duba fasfo da iƙama, wato katin zaman ƙasa, da bizar fita da dawowa, duk daga baƙar jakar Hadiza suka fito. Wannan jakar sananniya ce a gidanmu. A cikinta takardu suke, da dabino, da magani, da filas ɗin shayi. Idan mun je bakin teku a Yanbu, Hadiza ce ke zaune da jakar da takalman kowa. Haka muka saba, ban taɓa tambayar dalili ba.

Mun sauka Istanbul kafin azahar, muka canza jirgi zuwa Kaisari, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Daga nan ƙaramar bas ta haura da mu dutsen Erjiyes, nisan kilomita ashirin da biyar. Da muka fara ganin fari a gefen titi Anas ya yi ta ihu da Larabci. Hadiza kuwa ta manna goshinta a gilashi har muka isa masauki. Da magariba aka kawo mana wani abinci kamar ɗanwake ƙanana, amma da nama a ciki, an zuba masa nono da tafarnuwa.

Talata: a bakin taga

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, abu uku ake biya. Akwai hayar kaya, wato takalma masu tauri da allunan zamiya da sanduna da hular kwano. Akwai darasi. Akwai kuma katin hawa, wanda da shi ake shiga na'urorin da ke kai mutum saman dutse: kujerun da ke rataye a waya, da akwatin gilashi da yarana ke kira talafirik, da wata shimfiɗar roba mai tafiya da kanta domin masu koyo.

Saurayin da ke tagar biyan kuɗi yana jin ɗan Larabci. Ya ba ni shawara kada in sayi katin dutse gaba ɗaya, tunda mu sabbin shiga ne. Ya kuma gaya min katin yana ɗauke da hoton mai shi, ba a aro. Darasin taro awa biyu ne kowace safiya. Na ce a ba mu na kwana uku.

"Mutum nawa?" ya tambaya.

Na waiwaya. "Maman Anas, a sa da ke?"

"A'a, Malam. Ina ni ina wannan? Wa zai riƙe kaya?"

Layi ya yi tsawo a bayana, wani ma har yana buga sandarsa a ƙasa. Na juya na ce uku.

Malaminmu dogo ne, gashin bakinsa duk ƙanƙara. Abu na farko da ya koya mana shi ne yadda ake faɗuwa, na biyu yadda ake haɗa kawunan allunan a tsaya. Na ƙware a na farkon nan take. Kafin azahar Anas ya fara wuce ni yana cewa, "Yalla Abba, tashi!" Duk lokacin da na ɗago daga ƙasa ina hango Hadiza ta tagar ɗakin shan shayi da ke gindin filin, jakar na kan cinyarta. Da muka shigo ta ce min, "Baya kake kwantawa, shi ya sa. Ka danna ƙaurinka a gaban takalmin." Na yi dariya na ce ashe muna da malama a gida. Ban tsaya na yi tunanin yadda aka yi ta sani ba.

Laraba: abin da ke ƙasan akwati

Mun dawo masauki wajen uku da rabi, cinyoyina kamar an yi musu dukan sakwara. Hadiza ta sauka masallacin mata. Na ce wa Sumayya ta duba min man zafi a akwatin mahaifiyarta. Ta ɗan jima tana lalube, sai ta ci karo da wani abu daban.

Riga ce ta ɗago, ruwan toka, mai kauri, an yi mata shafi da auduga. Faɗinta irin na abaya, amma tsawonta iya gwiwa. Akwai wando mai faɗi da roba a ƙafa, da hijabi ɗan ƙarami wanda zai shige cikin hular kwano ba tare da wani lelo ba. Hadiza tela ce, abaya take ɗinka wa matan unguwa, na kuwa san ɗinkinta. Na tuna makonnin da suka wuce keken bai huta ba, ni kuma na ɗauka aikin mutane ne.

"Ta ce min doguwar abaya tana iya maƙalewa a kujerar waya," in ji Sumayya. "Tare muke kallon darussan a waya. Na ɗauka saboda ni take kallo." Sai ta dube ni. Ita da ba ta cika amsa min da Hausa ba, ranar da Hausa ta yi min magana. "Abba, sau nawa ka tambaye ta?"

"Sau ɗaya."

"Baƙo ma sau uku kake masa tayin abinci."

Gaskiyarta. A gidan da aka raini Hadiza, ba a karɓar tayin farko. Ni ma haka aka raine ni. Amma na tsaya a gaban taga ana ƙirga mutane, na karɓi a'a ɗin farko kamar yadda na'ura ke karɓar kati. Gobe Alhamis ce ranarmu ta ƙarshe a kan dutsen.

Na manta da man zafi, muka sauka ni da Sumayya zuwa tagar biyan kuɗi. Na san Hadiza ba za ta yarda namiji ya riƙe hannunta ba, don haka na tambayi saurayin ko akwai malama mace. Ya duba, ya ce akwai guda ɗaya, sunanta Zainab, kuma lokacinta a cike yake, sai awa ɗaya rak da ƙarfe tara na safe. Kuɗin darasina na gobe ba a mayarwa, amma zai iya juya shi can in cika sauran.

"Sai dai ta zo da kanta a gwada mata takalmi," in ji shi. "Biyar muke rufewa. In ba ta zo ba, akwai masu jira."

Na sami Hadiza ta dawo ɗaki tana ninke sallaya. Rigar tana kan gado inda muka bar ta. Ta gan ta, ta ɗauke kai.

"Maman Anas, gobe za ki gwada?"

"Haba Malam, da girmana? Mutane su yi ta kallona?"

"Ni kwana biyu suna kallona ina birgima, ba abin da ya ragu a jikina. Ki gwada."

"A bar wa yara. Kuɗin ma ai ya isa haka."

Agogo na gabana a bango, biyar saura kwata. Anas ya buɗe baki zai ce yalla, wato a yi sauri, yayarsa ta toshe masa. Na zauna a bakin gado kamar ba inda za ni, na bari ta gama ninke sallayar, ta ajiye.

"Hadiza," na ce, "mace ce malamar. Na riga na ba da darasina. Ina so in gan ki a kai."

Ta kai hannu tana shafa hannun rigar. Can ta ce, "To wa zai riƙe jaka?"

Mun isa tagar saurayin yana shirin sauke labule.

Alhamis: awa ɗaya

Gari ya waye da rana, ba iska. Zainab gajeriya ce mai yawan dariya. Ba ta jin Larabci, Hadiza ba ta jin Turkanci, amma da ta ga rigar sai ta juya ta gaba da baya, ta duba ɗinkin, ta ɗaga babban yatsa.

Ni kuma na zauna a kujerar da ke bakin tagar ɗakin shayi. Jakar ta fi yadda nake zato nauyi. Daga wurin ana ganin filin koyo gaba ɗaya, ana ganin kowa yana wucewa, sanyi kuma yana shigowa ta ƙasan ƙofa yana kama ƙafa. A nan Hadiza ta yi kwana biyu.

Ta hau shimfiɗar roba tana riƙe da hannun Zainab. Saukowar farko ta faɗi. Ta biyu ma ta faɗi, hular ta karkace, na miƙe tsaye ban sani ba. Sai na ga kafaɗunta na rawa, ashe dariya take yi. A ta huɗu Zainab ta saki hannunta, ta koma gefe. Hadiza ta taho a hankali, ƙaurinta a gaban takalmi kamar yadda ta gaya min, ta karkata dama, ta karkata hagu, ta haɗa kawunan allunan ta tsaya cak a gaban tagata. Ni a kwana biyu ban yi irin wannan tsayuwar ba.

Na fito da jakar a kafaɗa. Numfashinta na fita kamar hayaƙi, idonta na hawaye, ta ce iska ce.

"Malam, ka sha shayinka?"

Na ce ban sha ba.

"Yana aljihun gefe. Ka sha, zan ƙara ɗaya."

Ta ƙara fiye da ɗaya. Da awar ta cika, ita da yaran suka ci gaba har azahar. Da yamma muka ƙara kuɗi muka shiga talafirik mu huɗu muka hau sama, muka ga Kaisari shimfiɗe a ƙasa kamar an baza hatsi a tabarma.

Juma'a: komawa

Mun yi sallar Juma'a a masallacin da ke gindin dutsen, muka sauko Kaisari, daga nan Istanbul, muka iso Madina da safiyar Asabar. Isuhu na jiranmu. Ya ƙirga ƙafafunmu ya ce alhamdu lillahi, takwas ne cif.

"To wa ya fi iyawa?"

Yaran suka haɗa baki suka ce Umma. Ya kalle ni ta madubi, ya ga baƙar jakar a kan cinyata, sai ya yi murmushi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Isuhu, da saurayin da ya jinkirta sauke labulensa, da Zainab, da 'yata da ta tuna min abin da aka koya min tun ina yaro. Rigar tana rataye a ɗakin ɗinki, katin hawa na huɗu na cikin aljihunta. Jiya muna cin abinci Anas ya kawo maganar zuwa Yanbu idan zafi ya shigo. Hadiza ba ta ɗago kai ba ta tambaye ni ko a shagunan titin Sultana ana sayar da yadin da ba ya shan ruwa.