Inda Sarkin Ƙishirwa Ya Ɓoye Ruwa

Hashimu mai rake ba kyakkyawa ba ne, shi ma ya sani. Hancinsa ya karkace tun da jaki ya harbe shi yana yaro, idonsa na hagu kuma kullum a kanne yake. Tun yana saurayi yake kafa baronsa a gindin dalbejiyar ƙofar firamaren ƙauyensu, kusa da Ɗambatta. Iyayen ɗaliban yanzu ma a hannunsa suka sha rake. Hatsin gonarsa ba ya kai shi tsakiyar rani, saboda haka raken nan shi ne tuwon gidansa.

Wata shekara sabon rake ya shigo, sai yara suka ƙaurace masa. In an tashi tara sai su yi cirko-cirko daga nesa suna nuna shi. Ƙananan ma ta bayan masallaci suke zagayawa gida. Ya ɗanɗana raken, zaƙinsa lafiya lau. Ya wanke baro, ya sake riga, duk a banza. Rake ya fara bushewa a gabansa.

Jikarsa Muhsina ce ta warware masa. Ta zaro wani littafi daga jakarta ta ce, "Kaka, ga ka nan."

Malama Fadima, mai koyar da 'yan aji huɗu, ita ke rubuta wa yara labari littafi bayan littafi, a kan wasu yara da ke yaƙi da Sarkin Ƙishirwa, mugun da ya sace ruwan sama ya ɓoye. A bangon littafi na uku aka fara nuna fuskar sarkin. Ga karkataccen hanci, ga ido a kanne, ga adda a hannu.

Hashimu ya hau mota sai tashar Ɗambatta, wajen Uwaisu mai zane a bayan motoci, wanda ya yi hoton.

Ya ce, "Uwaisu, duk faɗin kasuwar nan ba ka ga mugu ba sai ni?"

Uwaisu ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, miyagun kasuwa fuskarsu sumul take, wane yaro zai ji tsoronsu? Kai kuwa ga ka tsaye wuri guda, ga adda."

"Ashe ranar da na ba ka rake kyauta zana ni kake yi."

Malama Fadima ta ba shi haƙuri, ta ce za a sake bango in an tashi sabon bugu. Sabon bugun kuwa sai bayan rake ya wuce.

Tunda babu ciniki, sai ya sa Muhsina ta riƙa karanta masa littattafan da la'asar, ya ji abin da aka ce ya aikata. Labarin ya kama shi fiye da yadda ya zata. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: a ina mutumin nan ya zuba ruwan ƙasa guda? Littattafan ba su faɗa ba. Ya tambayi Malama, ta ce ita ma ba ta yanke ba tukuna. Ya yi ta juya maganar, ko a rijiya, ko a kogon kuka, ko a tozon raƙumi.

Ran nan wata 'yar aji biyu, Rumaisa, mai ƙarfin hali, ta baro 'yan uwanta ta tako har bakin baro. Ta ƙare wa hancinsa kallo, sannan ta ce, "Baba, ina ka ɓoye ruwan?"

Hashimu ya dube ta, ya dubi abin da ke hannunsa. Ya fere gaɓa ɗaya ya miƙa mata ya ce, "Tauna."

Ta ciza. Ruwa ya gangaro mata har gwiwar hannu.

Ya ce, "Kin gani? Kowace gaɓa ɗaki ce, na kulle ruwa a ciki. Mai son ya ceto shi sai ya sa haƙori."

Ta ruga da gudu. Washegari kafin a koma aji baro ya zama wayam. Yara na tauna suna tofar da tuƙa suna harararsa, shi ma yana rama hararar da idonsa mai lafiya.

Da aka tashi, Malama Fadima ta tsaya a gindin dalbejiyar ta ce, "Baba, ka rubuta mini littafi na huɗu ba da izinina ba. Yanzu ko na ce a rijiya yake, ba mai yarda."

Hashimu ya ce, "To shi sarkin, yaya zai ƙare?"

"Kashe shi za a yi a na biyar."

Ya ci gaba da fere rakensa, ya ce, "Ki jinkirta, Malama. Yana da iyali."

Bana aka buga na bakwai. Sarkin Ƙishirwa bai mutu ba, ba a kuma sake bangon ba.